Darasi na Tara: Yadda Ƙwaƙwalwa ke Auna Iskar Kabon, da Abin da ke Samun Numfashi Idan Zuciya ta Gaza

MAƘASUDIN DARASI

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana fatan zai iya:

1. Bayyana dalilin da ya sa iskar kabon ce ke tafiyar da numfashinmu na yau da kullum.
2. Faɗin wurare biyu da jiki ke auna wannan iska, da bambancin da ke tsakaninsu.
3. Ba da ma'anar gazawar zuciya da alamominta.
4. Lissafa sabubba uku da ke rikita numfashin mai wannan ciwo, musamman cikin barci.
5. Ƙirga numfashin majinyaci da dare, ya kai wa likita bayani mai amfani.

FASALI NA FARKO: ISKA BIYU

Ku sani, ya 'yan'uwa masu neman ilmi, cewa daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa ɗan Adam akwai wadda ba ya tuna ta sai ranar da ta yi masa wuya, ita ce numfashi. Domin kuwa baligi mai lafiya, idan yana zaune bai yi gudu ba bai ɗauki kaya ba, yakan shaƙi iska ya fitar sau 12 zuwa 20 a kowane minti, yana farke ko yana barci, ba tare da ya ƙulla niyya ko ya ba da umurni ba.

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, wanda jiki ke ƙona abinci da shi don ya sami ƙarfi. Iskar kabon kuwa a cikinta 'yar kaɗan ce, kimanin kashi 1 cikin 2,500. Amma idan aka auna iskar da muka fitar, sai a tarar oksijin ya ragu zuwa wajen kashi 16, kabon kuma ta haura zuwa wajen kashi 4, saboda ita ce ragowar da ƙonuwar abinci ke bari a cikin tsoka da sauran gaɓoɓi, jini ya kwaso ta ya kawo huhu, huhu kuma ya fitar da ita waje. Tun a ƙarni na 13 malamin ɗibbu Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, ya bayyana a cikin sharhin da ya yi wa littafin Ƙanun na Ibnu Sina cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya, ya ratsa huhu ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. A kan wannan hanya ce dukan abin da za mu karanta yake gudana.

AKWATIN MA'ANA NA 1
Oksijin: iskar da jiki ke bukata don ya sarrafa abinci ya sami ƙarfi.
Kabon dayoksaid, ko iskar kabon: iskar da jiki ke samarwa bayan ya ƙone abinci, wadda huhu ke fitarwa.
Maki: a wannan darasi, ma'aunin yawan iska a cikin jini, wato milimita ɗaya na zaiba. Kabon da ke jinin mai lafiya tana tsakanin maki 35 da 45, galibi wajen 40.

Mai hankali zai zaci cewa tun da oksijin ne abin bukata, ƙarancinsa ne ke tunzura mutum ya yi numfashi. Haƙiƙanin al'amari ba haka yake ba a yawancin lokuta. A shekarar 1905 wasu masana biyu a Ingila, John Scott Haldane da John Gillies Priestley, suka riƙa auna iskar da ke fitowa daga can ƙuryar huhu, suka ga yawan kabon da ke cikinta kusan ba ya motsawa daga matsayi guda, kuma ƙari ɗan ƙanƙane a kanta ya isa ya ninka numfashin mutum. Daga nan aka tabbatar cewa jiki yana tsare mizanin kabon da tsananin kulawa, kuma ita ce ke riƙe da ragamar numfashi, oksijin ba ya karɓar ragamar sai ya yi ƙasa ƙwarai.

Misali na 1. Yara masu iyo a rafi ko a kududdufi sukan yi wata dabara mai haɗari: kafin su nutse sai su yi ta numfashi da sauri da ƙarfi, don su daɗe a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya faru shi ne sun zubar da kabon daga jininsu, alhali oksijin da suka ƙara bai taka kara ya karya ba. Yaro yana cikin ruwa oksijin yana ƙarewa, amma ba ya jin matsuwar fitowa, domin kabon ba ta taru ta kai matsayin da za ta tsikare shi ba. Ta haka yakan suma a ruwa ba tare da gargaɗi ba. Wajibi ne iyaye su hana wannan wasa, kuma a cikinsa akwai hujja bayyananniya cewa matsuwar numfashi daga kabon take zuwa.

FASALI NA BIYU: INA AKE AUNA KABON?

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da lakar ƙashin baya, sama da ƙeya ta ciki, akwai wani sashe da za mu kira gindin ƙwaƙwalwa. A nan ne ake tsara bugun numfashi, daga nan kuma saƙo ke sauka ta jijiya zuwa ga faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari, su buɗe ƙirji iska ta shiga. A kusa da wannan wuri akwai ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu shi ne ɗanɗana ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa tana da shamaki da ke tace abin da zai shiga cikinta daga jini, amma iskar kabon tana ratsa wannan shamaki cikin sauƙi; idan ta ratsa ta haɗu da ruwa, sai ruwan ya ƙara tsami, gwargwadon yawan kabon gwargwadon yawan tsamin. Ƙwayoyin nan tsamin suke ji, da zarar ya ƙaru sai su zuga cibiyar numfashi ta ƙara zurfi da sauri, idan ya ragu kuma su sassauta. A shekarar 1963 masana daga Amurka da Jamus, cikinsu har da Robert Mitchell da Hans Loeschcke, suka nuna cewa wannan ji yana a fuskar gaba ta gindin ƙwaƙwalwa. Binciken da ya biyo baya kuma ya gano wani ɗan gungu na ƙwayoyi a wurin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da harufan RTN, a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu wannan aiki. Akwai jariran da ake haifa da naƙasa a ƙwayar gadon da ke gina waɗannan ƙwayoyi, wadda aka gano alaƙarta da wani ciwon numfashi a 2003. Irin waɗannan yara suna numfashi da dama-dama idan suna farke, amma da barci ya ɗauke su sai numfashin ya yi rauni ko ya tsaya, ko da kabon ta cika musu jini, sai an taimake su da na'ura.

Wuri na biyu yana wuya. A kowane gefe, inda babbar jijiyar jini mai hawa kai ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana ɗanɗana jinin da ke wucewa. Shi yana jin ƙarancin oksijin, yana kuma jin kabon, kuma amsarsa tana zuwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Malami Corneille Heymans na ƙasar Beljiyam ya sami lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1938 saboda bayanin da ya yi a kan aikin waɗannan ma'aunai. Na ƙwaƙwalwa sun fi jinkiri, amma su ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, wajen kashi biyu cikin uku na amsar da jiki ke ba kabon; sa'an nan biyun ba a rabe suke aiki ba, domin saƙon na wuya yana biyawa ta gindin ƙwaƙwalwa, ya ƙara wa na can kaifi.

AKWATIN MA'ANA NA 2
Gindin ƙwaƙwalwa: sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, mai tafiyar da numfashi da bugun zuciya.
Ma'aunan ƙwaƙwalwa: ƙwayoyin da ke jin tsamin da kabon ke haifarwa a ruwan ƙwaƙwalwa.
Ma'aunan wuya: ƙananan ƙullutai biyu a jijiyoyin jinin wuya, masu jin oksijin da kabon.
Kaifin ma'auni: yawan numfashin da ake ƙarawa saboda ƙarin maki ɗaya na kabon.

Misali na 2. A ɗauka wani manomi yana hutawa a gindin bishiya, yana numfashi sau 14 a minti, kowane shaƙa rabin lita. Iskar da ke shiga huhunsa a minti ita ce 14 sau rabi, wato lita 7. Ga mai lafiya, ƙarin maki ɗaya na kabon yakan ƙara wajen lita 2 zuwa 3 a minti. Mu ɗauki lita 2. Idan kabon ta hau da maki 2, ƙarin zai zama 2 sau 2, wato lita 4, jimla lita 11. To, a ɗauka wani majinyaci ne wanda kaifin ma'auninsa ya ninka, yana ƙara lita 4 a kan kowane maki: ƙarinsa 2 sau 4, wato lita 8, jimla lita 15. Sababi ɗaya ne, amma amsar na biyun ta wuce kima, kuma zai zubar da kabon fiye da yadda ake bukata. Ku riƙe wannan lissafi, domin za mu koma kansa.

FASALI NA UKU: GAZAWAR ZUCIYA

Zuciyar baligi mai lafiya tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti idan yana hutawa, kuma a kowane bugu ɗakinta na hagu yana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa, wajen kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Idan tsokar zuciya ta yi rauni har abin da take fitarwa ya sauka zuwa kashi 40 ko ƙasa da haka, ko kuwa ta yi tauri ba ta saki ta cika yadda ya kamata, sai jini ya riƙa tafiya da nawa, ya kuma taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu da ciki. Wannan shi ne gazawar zuciya. Ba a nufin ta tsaya. Tana bugawa, sai dai ba ta biyan bukatar jiki.

Alamominta sun haɗa da haki a kan ɗan ƙaramin aiki, da kumburin ƙafa wanda idan aka danna da yatsa sai ya lotsa, da kasala, da tari cikin dare, da kasa kwanciya a miƙe sai an tara matasan kai biyu ko uku, da farkawa a firgice ana neman iska. A ƙasashenmu babban sababinta shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya tattara majinyata 1,006 daga ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, har da Nijeriya, ya sami hawan jini a matsayin sababi ga kimanin kashi 45 cikin 100, matsakaicin shekarunsu kuwa 52 ne kacal. Akwai kuma nau'in da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka yi nazarinsa a shekarun 1970, suka danganta yawansa a yankin da shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi lokacin jego.

AKWATIN MA'ANA NA 3
Gazawar zuciya: halin da zuciya ba ta iya tura jini gwargwadon bukatar jiki, ruwa kuma ya taru a huhu da gaɓoɓi.
Ɗaukewar numfashi: tsayawar numfashi na daƙiƙa 10 ko fiye cikin barci.
Haddin ɗaukewa: matsayin da idan kabon ta sauka ƙasa da shi, ƙwaƙwalwar mai barci takan daina aika umurnin numfashi.

FASALI NA HUƊU: SABUBBA UKU NA RIKICEWA

Sababi na farko shi ne ruwan da ke cikin huhu. A jikin huhu akwai ƙananan jijiyoyin saƙo, waɗanda masanin ƙasar Indiya Autar Singh Paintal ya yi bayaninsu, masu jin cunkoson ruwa. Idan suka ji shi sai su sa mutum ya riƙa numfashi da sauri, ko da kabon ba ta yi yawa ba. Saboda haka da yawa daga masu gazawar zuciya suna yawo da kabon ƙasa da ta sauran mutane, maki 38 ko ƙasa da haka. Da dare kuma abin yakan ƙaru, domin ruwan da ya wuni a ƙafafu yana gangarowa ƙirji idan an kwanta.

Sababi na biyu shi ne kaifin ma'aunai. Jikin da zuciyarsa ta gaza yana zaune ne kullum cikin halin ko-ta-kwana, jijiyoyin da ke ɗaga bugun zuciya da matse hanyoyin jini suna aiki ba hutu, jinin da ke isa ma'aunan wuya kuma ya ragu. A cikin wannan hali ma'aunan wuya da na ƙwaƙwalwa duka sukan ƙara kaifi. A shekarar 1999 likita Shahrokh Javaheri a Amurka ya nuna cewa masu gazawar zuciya da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci sun fi waɗanda nasu ba ya ɗaukewa tsananin amsa wa kabon. Wannan shi ne majinyacin da muka yi lissafinsa a misali na 2.

Sababi na uku shi ne jinkirin jini. Canjin kabon a huhu yake faruwa, amma ma'aunai suna wuya da ƙwaƙwalwa, ba su da labari sai jinin ya iso gare su. Ga mai lafiya tafiyar ta 'yan daƙiƙoƙi ce. Ga mai raunin zuciya tana iya ninkawa ko ta fi haka, har ya zama hukuncin da ƙwaƙwalwa ke yankewa yanzu an gina shi ne a kan halin da ya riga ya wuce.

Ku kwatanta da mai noman rani wanda ke tsaye a bakin magudana yana buɗe ruwa yana toshewa, fadamarsa kuwa tana da nisa, sai yaro ya sheƙo da gudu ya gaya masa halin da ake ciki. Yaro ya zo ya ce ƙasa ta bushe, shi kuma mutum ne mai gaggawa, sai ya buɗe ruwa gaba ɗaya. Kafin yaro ya je ya komo da labarin cewa ya isa, kwamai sun cika sun batse. Sai ya toshe gaba ɗaya, kafin wani labari ya iso kuma ƙasa ta sake bushewa. Da yaron yana da sauri, ko da manomin yana da haƙuri yana buɗewa kaɗan-kaɗan, da ruwa ya daidaita. Haɗuwar jinkirin labari da wuce gona da iri wajen amsawa ita ce ke haifar da ambaliya da fari bi da bi.

FASALI NA BIYAR: NUMFASHI MAI HAWA DA SAUKA

Me ya sa abin ya fi bayyana cikin barci? Dalili shi ne, mutum idan yana farke, sassan ƙwaƙwalwa na sama suna taimakawa wajen riƙe numfashi ko da kabon ta yi ƙasa; idan barci ya zo sai wannan taimako ya janye, numfashi ya dogara kacokan a kan ma'aunai. Mai lafiya idan ya yi barci kabon ɗinsa takan hau da 'yan makuna, ta yi nesa da haddin ɗaukewa. Mai gazawar zuciya kuwa tasa ba ta cika hawa ba, tana nan dab da haddin, ƙaramin motsi ko ajiyar zuciya ɗaya ya isa ya tura ta ƙasa da shi.

Daga nan sai zagaye ya fara. Kabon ta sauka ƙasa da haddi, ƙwaƙwalwa ta yi shiru, ƙirji ya tsaya cik. Cikin wannan tsayawa kabon tana taruwa, oksijin yana raguwa, amma labari bai isa ba tukuna. Idan ya isa, sai numfashi ya dawo a hankali, sama-sama, ya riƙa ƙara zurfi har ya kai ga haki mai ƙarfi, inda sau da yawa majinyaci yakan motsa ko ya farka. Hakin ya zubar da kabon fiye da kima, numfashi ya riƙa raguwa har ya sake ɗaukewa. Zagaye ɗaya yakan ɗauki daƙiƙa 45 zuwa 90, kuma gwargwadon raunin zuciya gwargwadon tsawonsa. Likita John Cheyne, mutumin Sukotilan da ke aiki a birnin Dabilin, shi ya siffanta wannan numfashi a 1818, William Stokes na wannan birni kuma ya ƙara bayaninsa a 1854 ya danganta shi da ciwon zuciya. Shi ya sa ake kiransa da sunansu su biyu. Ana samunsa ga kimanin ɗaya cikin uku na masu raunin tsokar zuciya, ya fi yawa ga maza, da waɗanda suka haura shekara 60, da masu bugun zuciya marar tsari.

AKWATIN MA'ANA NA 4
Numfashin Cheyne da Stokes: numfashi mai ƙaruwa a hankali, ya ragu a hankali, ya ɗauke, sa'an nan ya sake farawa.
Ɗaukewa daga ƙwaƙwalwa: hanyar iska a buɗe take, amma umurni bai zo ba, ƙirji ba ya motsi.
Ɗaukewa ta toshewar maƙogwaro: umurni ya zo, ƙirji yana fama, amma maƙogwaro ya rufe, galibi tare da minshari mai ƙarfi.

Illar wannan hali tana komawa kan zuciyar da ta haife shi. Kowace ɗaukewa tana rage oksijin, kowace farkawa tana zaburar da jijiyoyin ko-ta-kwana, bugu ya ƙaru, jini ya hau, alhali dare shi ne lokacin da ya kamata zuciya ta sami sauƙi. Ma'aunan ƙwaƙwalwa kuwa suna da mahaɗa da cibiyar da ke tafiyar da waɗannan jijiyoyi, don haka kaifinsu yana taɓa numfashi da zuciya a lokaci guda. Masana a birnin Santiyago na ƙasar Cile sun gwada a kan ɓeraye masu gazawar zuciya, suka ga rage ƙwayoyin nan masu auna kabon ya rage rikicewar numfashinsu. Wannan hujja ce a kan sababi, amma ba magani ne da ake yi wa mutane ba.

Misali na 3. Wani dattijo mai gazawar zuciya yana kwana, 'yarsa tana zaune kusa da shi da agogon waya. Ta ƙirga ta ga yana numfashi daƙiƙa 40, ya tsaya daƙiƙa 20. Zagaye ɗaya ke nan daƙiƙa 60, wato sau 60 a awa. Likitoci suna ɗaukar 5 zuwa 15 a awa a matsayin mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, fiye da 30 mai tsanani. Idan wannan hali ya ɗauki awa 3 na daren, an sami tsayawa 180. 180 sau 20 ya ba da daƙiƙa 3,600, wato awa guda cur ba numfashi. Da suka je asibiti sai ta ce, “Ranka ya daɗe, Baba idan ya yi barci numfashinsa yana hawa yana sauka, ya tsaya daƙiƙa 20, ƙirjinsa ko motsi ba ya yi, kuma ba ya minshari.” Wannan bayani ya fi wa likita amfani nesa ba kusa ba a kan a ce masa kawai Baba ba ya samun barci.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA AKE YI

Ƙa'ida ta farko ita ce a gyara zuciya, domin ita ce tushen mas'alar. Idan majinyaci ya lizimci magungunan da likita ya rubuta, cikinsu har da mai sa fitsari don janye ruwa daga huhu, ya rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, ya tsare hawan jininsa, sau da yawa numfashin yakan daidaita ko ya yi sauƙi. Kwanciya a kan gefe da ɗaga kai da ƙirji suna taimakawa, domin abin ya fi tsanani ga wanda ya kwanta rigingine. Oksijin da dare yana rage yawan ɗaukewa ga wasu. Maganin barci, da turamol, da kodin, da dangoginsu suna danne cibiyar numfashi, kada mai wannan ciwo ya kusance su sai da izinin likita.

Game da na'urori, tarihinsu ya koya wa likitoci taka-tsantsan. A 2005 aka buga sakamakon wani gwaji a Kanada a kan majinyata 258, da na'urar da ke hura iska ta hanci da matsi guda: ta rage ɗaukewar numfashi, ta kyautata oksijin, amma ba a ga ta tsawaita rai ba. A 2015 kuma aka buga wani mafi girma a kan majinyata 1,325 masu raunin tsokar zuciya, da wata na'ura mai bin numfashi tana cike giɓinsa. Ta daidaita numfashin ƙwarai, amma mace-mace suka fi yawa a cikin waɗanda suka yi amfani da ita, har aka hana sa ta ga irin waɗannan majinyata. A 2017 Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa a ƙirji, mai tsikarar jijiyar da ke motsa tsokar numfashi cikin barci. Fa'idar da za mu ɗauka ita ce, kawar da alama daban, warkar da cuta daban, kuma bai halatta mutum ya sayi na'urar numfashi a kasuwa ya ɗaura wa mai ciwon zuciya ba tare da gwaji da umurnin likita ba.

Tambihi. Irin wannan numfashi yakan bayyana ga wanda ke gargara, shi ya sa iyali sukan firgita idan suka gan shi. Ga mai gazawar zuciya yana iya ɗaukar watanni ko shekaru, kuma ma'anarsa ita ce ciwon yana neman a ƙara masa kulawa. Amma idan majinyaci ya kasa numfashi yana zaune, ko leɓɓansa suka yi duhu, ko yana tari da kumfa, ko ƙirji ya riƙe shi da ciwo, ko aka tashe shi bai tashi ba, a garzaya da shi asibiti nan take.

TAƘAITAWA

Iskar kabon ce ke tafiyar da numfashi, ana kuwa auna ta a gindin ƙwaƙwalwa da kuma wuya. Idan zuciya ta gaza, ruwan huhu yana sauke kabon kusa da haddin ɗaukewa, ma'aunai suna ƙara kaifi, jini kuma yana jinkirta labari. Ukun nan idan suka haɗu cikin barci sai numfashi ya riƙa hawa da sauka yana ɗaukewa, wannan kuma ya ƙara wa zuciya nauyi. Magani yana farawa daga zuciya.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kashi nawa ne na oksijin da na kabon a iskar da muke shaƙa, da kuma wadda muke fitarwa?
2. Me Haldane da Priestley suka gano a 1905?
3. Don me yawan numfashi kafin nutso yake da haɗari?
4. Bayyana yadda kabon ke ƙara tsamin ruwan ƙwaƙwalwa, da abin da ke biyo baya.
5. Kawo bambanci biyu tsakanin ma'aunan ƙwaƙwalwa da ma'aunan wuya.
6. Wata mata tana numfashi sau 16 a minti, kowane shaƙa rabin lita. Lita nawa ke nan a minti? Idan kabon ta hau da maki 3, kowane maki yana ƙara lita 2, nawa jimlar za ta zama?
7. Lissafa alamomi huɗu na gazawar zuciya.
8. Faɗi sabubba uku da ke rikita numfashin mai gazawar zuciya, ka yi bayanin ɗaya daga ciki da kalmominka.
9. Majinyaci yana numfashi daƙiƙa 60, ya tsaya daƙiƙa 30. Sau nawa numfashinsa ke ɗaukewa a awa? A wane mataki na tsanani yake?
10. Ta yaya mai jinya zai bambanta ɗaukewa daga ƙwaƙwalwa da ta toshewar maƙogwaro?
11. Wane darasi gwajin shekarar 2015 ya koyar?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya nemi izinin wani baligi a gidansu, ya ƙirga numfashinsa na minti guda yana farke, da kuma na minti guda yana barci, ya rubuta ya kawo aji. Wanda kuwa yake da mai ciwon zuciya a gida, ya zauna kusa da shi minti 10 bayan barci ya ɗauke shi, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa likita a ranar da za su koma asibiti. Kuma kowa a cikinku ya je a auna masa hawan jini kafin darasi mai zuwa.